Yadda Zaka Rubuta Takardar Ajiye Aiki Ka Fita Da Mutuncinka

Aikina na farko a wata makaranta ce mai zaman kanta, shekara biyu da 'yan watanni na yi ina koyarwa. Ranar da na samu wani aikin, da daddare na ɗauki waya na tura wa mai makarantar saƙo a WhatsApp cewa daga gobe bazan ƙara zuwa ba, na ƙara da maganganun da suka daɗe suna cin raina akan albashin da ake jinkirtawa da yadda ake mana magana a gaban yara. Gaskiya na faɗa a saƙon, ko yau bazan ce na yi ƙarya ba, amma albashina na watan ƙarshe ban ga ko sisi ba, sannan bayan shekara biyu da aka nemi in kawo shaidar cewa na taɓa koyarwa sai da na ɗauki wani dattijo a unguwarmu muka je ban haƙuri kafin a bani takarda mai layi uku. Daga baya Allah ya sa na yi aiki a sashen kula da ma'aikata na wani kamfani, takardun ajiye aiki suka riƙa biyowa ta teburina, a nan na gane cewa yawancinmu ba a taɓa koya mana wannan abu ba.

Abinda nake so ka riƙe tun daga farko shine, takardar ajiye aiki ba da ogan da kake jin haushinsa kake magana ba, fayil kake rubuta wa. Ogan zai iya barin wurin baɗi, amma takardar tana nan a fayil ɗinka, wanda bai taɓa ganin fuskarka ba zai iya buɗewa bayan shekara goma ya karanta ya yanke hukunci akanka.

Kafin ka ɗauki biro

Kar ka rubuta komai sai takardar sabon aikin ta shigo hannunka, a rubuce, da sa hannu, da ranar fara aiki da albashi. "An ce ka zo ranar Litinin" ba takarda bace, alƙawarin wani babba a waya shima ba takarda bane. Na ga waɗanda suka saki reshe suka kama ganye saboda an musu alƙawari da baki, suka zauna wata shida a gida. In kuma ba wani aikin zaka ba, kasuwanci ne ko karatu ko aure ko jinyar iyaye, toh ka zauna ka yi lissafin abinda zai riƙe ka na 'yan watanni tukunna.

Daga nan sai ka nemo takardar ɗaukar aikinka, wadda aka baka ranar da ka fara, ka karanta ta a nitse har ƙananan rubutun. Abinda kake nema shine notis, wato kwana nawa ko wata nawa ake so ka sanar kafin ka tafi. Yawancin kamfanoni wata ɗaya ne, manyan muƙamai sukan kai wata uku, malaman jami'a ma galibi wata uku ne kuma akan so ya dace da ƙarshen zangon karatu don kar a bar ɗalibai a tsakiya. Wanda yake cikin watannin gwaji, ba a tabbatar dashi ba, nasa yakan zama gajere, sati ɗaya ko biyu.

In takardar bata ce komai ba, ko ma ba a taɓa baka takarda ba kamar yadda ake yi a shaguna da ƙananan makarantu da asibitocin unguwa, sai a koma ga Dokar Ƙwadago ta Najeriya, sashe na 11. Ta ce wanda ya yi wata 3 ko ƙasa da haka notis ɗinsa kwana 1 ne, wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba sati 1, daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5 sati 2, shekara 5 zuwa sama kuma wata 1. Duk notis ɗin da ya kai sati ɗaya dole ya zama a rubuce, kuma ranar da ka miƙa takardar ba a lissafa ta a ciki, washegari ake fara ƙirga. Sai dai ka sani wannan dokar ta fi shafar ma'aikatan ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, manajoji da ƙwararru irin su likita ko akanta ko injiniya abinda suka sa wa hannu a yarjejeniyarsu shine yake aiki akansu, shi yasa nake ta nanata ka karanta takardarka. 'Yan'uwanmu na Nijar su dokar aikinsu daban ce kuma da Faransanci ake rubutawa, su duba tasu ko su leƙa ofishin sufeton aiki, amma sauran abinda zan faɗa duk ɗaya ne.

Sai maganar bashi, wadda mutane suka fi mantawa. Ka ci bashin ofis? Kana cikin kwafaratif ana cire maka kuɗin buhun shinkafa ko babur duk wata? Ka tsaya wa wani abokin aiki ya karɓi rance? An tura ka karatu ko kwas aka sa ka sa hannu cewa zaka yi musu aiki na shekaru kaza in ka dawo? Duk waɗannan ranar da ka miƙa takarda zasu taso, kuma daga haƙƙinka na ƙarshe za a zare. Gara ka san adadin tun yanzu da ka je ka tarar albashin ƙarshe ya zama sifili. Adashen ofis ma ka tuna dashi, in ka riga ka ɗauka ka faɗa wa uwar adashe yadda zaka ci gaba da zubi, wannan haƙƙin mutane ne.

Ka fara yi wa oga magana baki da baki

A al'adarmu ba a sallama da takarda kawai. Mutumin da kuka yi shekaru kuna gaisawa kullum, ya zo sunan ɗanka, ka je ta'aziyyar mahaifinsa, bai kamata ya buɗe imel ya ga zaka tafi ba, ko mafi muni ya ji a bakin masinja ko direba. Don haka kar ka faɗa wa kowa a ofis kafin shi, ko aminin ka ne, magana zarar bunu ce.

Ka nemi minti goma lokacin da ba shi da baƙi, ka ce masa, "Ranka ya daɗe, akwai maganar da nake so ka fara ji daga bakina. Na samu wani aiki kuma na yi shawara da iyayena na yanke zan karɓa, zan kawo takarda gobe in sha Allah, na ga bai dace ka gani a takarda ban zo na faɗa maka ba." In mace ce, "Hajiya ranki ya daɗe" haka dai. Shikenan. Ba sai ka faɗi sunan inda zaka ba in baka so, zaka iya cewa sai komai ya kankama zaka sanar dashi.

Wani ogan zai sa albarka, wani zai ɓata rai, wani kuma zai ce nawa zasu baka mu ƙara maka. Wannan na ƙarshen ka yi tunaninsa tun a gida. Ni dai a ganina in kuɗi ne kaɗai matsalar kuma sun yarda su rubuta ƙarin a takarda, ana iya dubawa, amma in abinda ya kore ka wulaƙanci ne ko rashin ci gaba, ƙarin dubu ashirin bazai canja halin mutum ba.

Ita kanta takardar

Shafi ɗaya, bata wuce sakin layi uku ko huɗu ba. A buga ta a kwamfuta, in baka da ita ka je shagon buga takardu. Yawancin ofisoshi a Najeriya da Turanci zaka rubuta, amma tsarin ɗaya ne, ka fara tsara ta da Hausa a kanka sannan ka juya, in Turancin naka bai nuna ba ka ba wanda ka yarda dashi a wajen ofis ya duba maka. Ba a buƙatar manyan kalmomi ko kaɗan.

A sama adireshinka da lambar waya da kwanan wata, ranar da zaka miƙa ba ranar da ka rubuta ba. Ƙasa da shi wanda kake rubuta wa, da muƙaminsa ba sunansa kawai ba, ka duba wanda ya sa hannu a takardar ɗaukarka aiki, galibi ofishinsa ake mayar wa. Sai gaisuwa, sai kan magana, sai jikin takardar. Ga misali:

3 ga Maris, 2025

Zuwa ga Manajan Darakta,
Ta hannun Shugaban Sashen Kuɗi,

Ranka ya daɗe,

SANARWAR AJIYE AIKI

Ina sanar da kai cewa na ajiye aikina na Jami'in Kuɗi a wannan kamfani. Kamar yadda takardar ɗaukata aiki ta tanada, ina ba da notis na wata ɗaya, ranar aikina ta ƙarshe ita ce Alhamis 3 ga Afrilu, 2025.

Ina godiya da damar da aka bani na tsawon shekara huɗu, na koyi abubuwa da yawa a ƙarƙashinku musamman harkar tsara kasafin kuɗi.

Kafin ranar tafiyata zan kammala rahoton watan Maris, in miƙa duk takardu da kayan kamfani da ke hannuna ga wanda aka zaɓa. Ina roƙon a bani amsar wannan takarda a rubuce, tare da bayanin haƙƙoƙina na ƙarshe.

Naka mai biyayya,
sa hannu, cikakken suna, lambar ma'aikaci.

Ka lura da jimlar farko. "Ina sanar da kai" aka ce, ba "ina neman izini" ko "ina tunanin ko zan" ba. Ajiye aiki haƙƙinka ne, kotunan Najeriya sun sha yanke hukunci cewa da zarar takardar ta isa hannun mai aiki ba shi da ikon ya ce bai yarda ba, ba a tilasta wa mutum aiki. In ka rubuta kamar kana roƙo sai ka buɗe ƙofar a ce maka ba a amince ba, a yi ta ja maka rai. Soja da masu kaki su nasu tsarin daban ne, ba da su nake ba.

Abu na biyu shine ranar ƙarshe, ka rubuta ta da lamba da wata da shekara. Wallahi mafi yawan rigimar da na gani a ofis daga nan take tasowa, mutum ya rubuta "ƙarshen wata" ko "nan da sati huɗu", shi yana lissafin wata rana su suna lissafin wata, a ƙarshe a ce ya gudu kafin lokaci a yanke masa albashi. Kuma ka daidaita ta da ranar fara sabon aikin, kar ka yi wa sabon wuri alƙawarin ranar da notis ɗinka bai ƙare ba.

Godiya kuma ba munafunci bace. Ko wurin ya ƙuntata maka, akwai abu ɗaya na gaskiya da zaka iya godewa, ka koyi aiki, ka ci abinci ka ciyar da iyalinka daga nan. Layi ɗaya ya isa, kar ka cika yabon da kai kanka baka yarda dashi ba.

Dalilin tafiya ba dole bane. In kana so ka ce "domin ci gaba da karatu" ko "saboda dalilai na iyali" ba laifi. Amma kar ka sa sunan kowa, kar ka rubuta cewa wane yana zagin ka ko wance tana kai gulma, kar ka kwatanta albashinsu da na sabon wuri, kar ka yi musu wa'azi da "Allah ya isa". In akwai haƙƙinka da aka riƙe, albashin wata uku misali, wannan ka rubuta shi amma kamar lissafi, "Ina tunatar da cewa albashina na Disamba, Janairu da Fabrairu bai shigo ba, ina roƙon a haɗa da haƙƙina na ƙarshe." Ka ga ba zagi a ciki, kuma ya zama shaida in ta kai ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ita ke sauraron shari'ar ma'aikaci da mai aiki.

In gaggawa ce baka da halin jiran notis, doka ta yarda ka biya kuɗi a madadinsa, wato albashin kwanakin da ya kamata ka tsaya. Ka rubuta haka ƙarara a takardar kuma ka biya a lokacin ta banki ka ajiye rasit, ba ka tafi ka ce zaka aiko ba. Ko kuma ka roƙi oga ya yafe maka notis ɗin ko a cire daga kwanakin hutunka na shekara da baka ci ba, da yawa suna yarda in an zo musu da ladabi, amma in ya yarda a rubuta.

Ma'aikacin gwamnati kuma takardarsa bata tsallake kowa, sai ta bi ta hannun shugaban sashe zuwa Babban Sakatare ko shugaban hukumar, kowa ya sa hannu ya tura gaba, kuma ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya wata ɗaya ne ko albashin wata ɗaya. Ka bambance ajiye aiki da ritaya da kuma sauya wurin aiki daga wata hukuma zuwa wata, in daga gwamnati zuwa gwamnati zaka koma ka tambayi ofishin ma'aikata tukunna ko za a iya maka canjin aiki, don kar ka yanke shekarun aikinka a banza.

Miƙawa

Ka buga kwafi biyu, ka sa hannu a duka, ka kai ofishin da ake karɓar takardu ko wajen sakatare, a buga maka hatimi a rubuta kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa akan kwafinka. Ka ɗauki hotonsa da waya ka tura wa kanka. In wurin da imel ake aiki ka tura ta imel ɗin ma, ka sa sashen ma'aikata a ciki, ka tura kwafi zuwa imel ɗinka na kanka domin na ofis ranar da ka tafi za a rufe shi. In aka ƙi karɓa, kuma ana yi, ka aika ta kamfanin kai saƙo mai ba da rasit ka adana rasit ɗin. Wanda ba shi da shaidar miƙawa ana iya rubuta masa cewa ya gudu daga aiki ne, kuma wannan tabo ne mai wuyar gogewa.

Dan Allah in an kira ka ofis aka ce ka rubuta takardar ajiye aiki yanzu yanzu ko a kore ka, kar ka sa hannu a tsaye cikin firgici. Ka ce a baka zuwa gobe, ka nemi lauya ko shugabannin ƙungiyar ƙwadago ta wurin aikinku, domin da zarar ka rubuta da hannunka cewa kai ka tafi, wasu haƙƙoƙin da za a biya wanda aka sallama zasu iya kuɓuce maka. Haka kuma ka sani in ka miƙa takarda ka dawo ka ce ka fasa, sai in sun ga dama zasu yarda.

Kwanakin notis

Nan ne mutane da yawa suke ɓata abinda suka gina, sai ka ga mutum ya fara zuwa ƙarfe goma yana tashi azahar yana zuga sauran ma'aikata. Ka yi aikinka kamar yadda ka saba. Ka rubuta bayanin miƙa aiki, shafi ɗaya ko biyu, ayyukan da ka gama, waɗanda suke tsakiya da inda suka tsaya, mutanen da ake hulɗa dasu, kuɗin da ake bi da wanda ake binku, makullai, kwamfuta, katin shaida, mota in akwai. Wanda ya karɓa ya sa hannu kai ma ka sa, kowa ya riƙe kwafi. Kar ka kwashi bayanan kamfani ko lambobin kwastomomi ka tafi dasu, amana ce, kuma kar ka goge komai a kwamfutar ofis sai abinda yake naka na kanka.

Kafin ranar ƙarshe ka bi takardar kiliyarans, wato takardar da ke nuna ba a binka komai, ofis ofis a sa maka hannu, sito, akanta, kwafaratif, duk inda aka ce. Sannan ka tabbatar ka karɓi amsar takardarka a rubuce da kuma takardar shaidar aiki mai nuna muƙaminka da shekarun da ka yi, yanzu da ake ganin fuskarka ya fi sauƙi akan ka dawo bayan shekara biyu kamar yadda na yi.

Ita amsar tana da amfani wajen fansho. A Dokar Fansho ta 2014 ana cire kashi 8 daga albashinka mai aiki ya ƙara kashi 10 a zuba a asusunka, asusun naka ne ba na kamfani ba, lambar fanshon nan ita zaka kai sabon wurin aiki, kar ka buɗe wani sabo. Ka nemi bayanin asusun daga kamfanin fanshonka ka duba ko duk watannin da aka cire an zuba, in akwai giɓi ka yi magana tun kana ciki, in aka ƙi akwai hukumar PenCom mai kula da harkar fansho. Wanda bai kai shekara 50 ba kuma ya yi wata 4 bai samu wani aiki ba zai iya neman kashi 25 na abinda ke asusun, kuma cikin takardun da zasu tambaye ka akwai wannan amsar da mai aiki ya baka.

Ranar ƙarshe ka zaga ka yi sallama da kowa, har maigadi da mai shara da mai shayin bakin get in yana binka ka biya shi, ka nemi yafiya ka yafe. Ka fita daga guruf ɗin WhatsApp na ofis da kanka bayan ka ajiye gajeriyar sallama, sannan ka haɗa takardar ɗaukar aiki, kwafin takardar ajiye aiki mai hatimi, amsarsu, kiliyarans da bayanin miƙa aiki a ambulan ɗaya ka ajiye inda kake ajiye takardun makarantarka.